Stanley Ormerod da Lamba Tara

Idan aka ce Stanley Ormerod direban jirgin ƙasa ne, ba a yi ƙarya ba, sai dai shekara biyu ke nan tafiyarsa mafi nisa da jirgi ba ta wuce taku goma ba. Na san shi tun yana ganiyarsa, yana jan jirgin safe daga garin Preston na Ingila zuwa bakin teku, ni kuma ina share taragai bayan fasinjoji sun bar mini ɓawon lemo da takardun kifi da dankali. Gajere ne, mai taurin kai, bai iya gaisuwa ba sai ya haɗa da ƙorafi.

Shekara ashirin da shida ya yi a kan layi. Wata safiya ciwon zuciya ya kama shi yana tsaka da gudu, da mutum ɗari biyu a bayansa. Hannunsa ya saki sandar tuƙin, birki ya kama da kansa, jirgi ya tsaya. Kowane jirgi haka aka ƙera shi, amma je ka gaya wa Stanley. Shi dai abin da ya sani, jirgin nan nasa, Lamba Tara, shi ne ya cece shi.

Likita ya hana shi babban layi. A shekarar kuma kamfaninmu ya kawo sababbin jirage, wa'adin hayar tsofaffin ya ƙare, aka mayar wa masu su. Masu su kuwa ba su da layi, ba su da fasinja, sai suka kama wani tsohon filin sojoji a bayan gari suka jera su, guda goma sha biyu, kafin a sami mai so. Aka nemi mutum biyu da za su kula da su. Wa zai je? Direban da aka hana tuƙi, da ni, mai sharar da gwiwa ta fara yi wa gardama.

Jirgi ba ya son zama. In ya daɗe tsaye a wuri ɗaya ƙafafunsa kan lalace, danshi ya shiga kujeru, batir ya mutu. Don haka kowanne an jona masa wayar wuta, ɗumi na shiga dare da rana. Duk Talata Stanley zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tayar da inji, ya matsa gaba kaɗan, ya sauka ya shafa alli a ƙafar don ya san inda ta tsaya. Kuma wallahi sai ya busa oda kafin ya motsa, a filin da ba kowa sai ni da hankaki.

"Wa kake yi wa oda, tsoho?" nakan ce. "Zomaye?"

"Ke dai riƙe tsintsiyarki, Doreen. Ranar da na taka ki ba oda, ke ce za ki fara kai ƙarata."

Da rana mukan zauna a cikin Lamba Tara mu sha shayi, don shi ya fi ɗumi. Ba mamaki ya fi ɗumi, duk abin da ya lalace a jikinsa kafin gari ya waye an gyara. Har kishi nake yi wa sauran.

A watan Janairu oganmu Gareth ya zo da takarda. Masu jiragen sun gaji da jira. Ƙarshen Maris za a cire wayoyin wuta. Duk wanda ya yi aikin dogo ya san ma'anar wannan: jirgin da aka bari ya yi sanyi ba ya komawa layi, sai wajen masu yanka ƙarfe.

"Amma akwai 'yar dama," in ji Gareth. "Wasu daga gabashin Turai za su zo dubawa. Huɗu suke so."

"Huɗu cikin sha biyu," in ji Stanley. "Sauran fa?"

Gareth ya kama duba takalminsa.

Kwana uku kafin zuwan baƙin, Stanley ya kira ni ƙarƙashin Lamba Tara. Na durƙusa ina tsine wa gwiwata. Ya nuna mini ƙarfen da ke ɗauke da daɓen ƙofar baya, mai fenti baƙi sumul. Ya ɗan buga guduma. Maimakon ƙarar ƙarfe, sai na ji kamar an bugi busasshen burodi.

"Tsatsa ce," in ji shi. "Ta ci ta ciki. Tun bazara na gano."

"Wa ya sani?"

"Ni. Yanzu da ke."

"To shi ke nan, rufe bakinka. Kwana biyu za su yi, ba za su buga kowane ƙarfe ba. In sun kai shi can su gyara abinsu."

Ya ɗauki gudumarsa ya fito daga ƙarƙashin jirgin. Ni kuwa ban ji kunyar abin da na faɗa ba, har yau ma ban ji ba. Na san in aka yanka jirgin nan, da wani abu na Stanley za a haɗa.

Shugabar baƙin mace ce, Injiniya Zorica, doguwa, ba ta dariya. Ta shiga ta fita, ta saurari inji, ta shinshina kujeru. Rana ta biyu ta zauna da mu a kan shayi ta karanta zaɓinta: Biyu, Biyar, Sha Ɗaya, da Tara.

"Tara ya fi duka," in ji ta. "Wanda ya kula da shi ya san aikinsa. A layin tsauni za mu sa shi, 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa, cunkus har bakin ƙofa."

Na taka ƙafar Stanley a ƙarƙashin tebur. Na sake takawa da ƙarfi. Ya ajiye kofinsa, ya tashi, ya ɗauko guduma ya miƙa mata.

"Madam, zo ki ga wani abu."

Ban bi su ba. Daga inda nake zaune na ji bugun, sau uku. Da suka dawo ta soke Tara ta rubuta Bakwai, wanda Stanley ya ce mata mummuna ne amma ƙashinsa lafiya. Ta miƙa masa hannu, ta daɗe tana riƙe da nasa.

Suna tafiya na sauke masa kwandon masifa.

"Kai wane irin mutum ne? An zaɓe shi! Ka ji da kunnenka an zaɓe shi!"

"Kin ji ta ce har bakin ƙofa."

"Da sun gano sun gyara!"

"Ko su gano ranar da daɓen ya rufta da yaran mutane." Ya goge hanci da bayan hannu. "Jirgin nan bai taɓa kashe kowa ba, Doreen. Ba zan tura shi wata ƙasa ya fara ba."

Na ce masa sakarai. Ya ce ya ji.

Ranar talatin da ɗaya ga Maris, shi da kansa ya cire wayoyin guda takwas, bai bar wa Gareth ba. Bayan mako biyu aka ce kan jirgi zai zo ranar Alhamis ya ja su zuwa wajen yanka. Laraba da safe na tarar da shi tsaye kusa da Lamba Tara da bokiti biyu da sabulu.

"Ki taya ni," in ji shi.

"Gobe za a yanka shi, Stanley. Wa zai duba?"

"Ta tashoshinsa zai bi. Mutane na tsaye suna jiran jirgi, za su gan shi. Ba zai wuce su da ƙazanta ba."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa tsiya. Na karɓi bokiti ɗaya. Ruwan sanyi ne, don babu wutar da za ta ɗumama shi, haka muka wanke shi tun daga kai har ƙofar baya.