Ranar da Yaya ya auna rijiyarmu

Jiya a kasuwar Filingue na ji goge a rediyon wani mahauci, sai na bar wurin da sauri, ni da ko kura ba ta taɓa sa ni gudu ba.

Wana, Allah ya jiƙan shi, ya yi lokol, wato makarantar boko, har ya zama mai binciken ruwan ƙasa. In awo ya yi kyau, shiru yake yi. In ya ɓaci, sai ya kama kwaikwayon goge da hanci.

Shekarar babban fari ya zo rijiyar ƙauyenmu da igiya mai ƙarfe a baki, wanda ke ƙara in ya taɓa ruwa. Muna tsaye da tuluna, igiya na ta sauka, ba ƙara. Sai na ji hancin nan ya fara.

Na ce, “Yaya, bar waƙar ga ka gaya mini. Ɗiyana uku ne fa.”

Ya ce, “Ƙanwata, na'ura gaskiya kawai ta sani, ba ta iya lallashi ba, shi ya sa nike taya ta da kiɗi. Ruwan ga ba ya kai ku damina. Ku ɗaure kaya.”

Washegari munka yi kudu, maƙwabta na yi muna dariya. Ukun duk sun rayu. Gidajen da sunka zauna kuwa, har yau ban iya faɗin abin da munka tarar da munka komo ba.

Allah ya sanyaya kabarin Yaya, ya shayar da shi inda ruwa ba ya ƙarewa.