Cittar da Baba Ya Zana a Bango

Wata Asabar ce a Nuwamban 1987, muna haƙar citta a gonarmu da ke gindin dutsen Kagoro. Mama na gaba da fartanya, ni da ƙanena Ayuba muna bin ta muna kakkaɓe ƙasa muna zubawa a kwando, Baba kuwa yana zaune kan kututture kamar yadda ya saba tun dawowarsa daga Kafanchan. Can yake koyarwa kafin rikicin watan Maris. Da ƙafa ya dawo mana, ba takalmi, ba jaka, kuma abin da idonsa ya gani bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun daga nan maganarsa ba ta wuce "to" da "a'a". Ran nan sai wata ƙatuwar citta ta gangaro kusa da ƙafarsa. Ya ɗauka, ya jujjuya ta, sai kawai na ji ya kira sunana. "Rahila, zo ki gani. Wannan yatsa, shi ma hannu ne. Ƙaramin da ke jikinsa, shi ma hannu ne." Allah ya sani, sai da kwando ya suɓuce mini. Mama ta tsaya cak, ba ta ko juyo ba, don kada ta katse shi.

Da muka koma gida ya ciro gawayi a murhu ya nufi bangon ɗakinsa, wanda ke kallon tsakar gida. Ya zana hannun citta mai girman ƙofa. A jikin kowane yatsa ya fitar da ƙaramin hannu, a jikin yatsun wannan ya sake fitar da wasu. Da gawayi ya yi masa kauri sai ya fere shi da wuƙa, daga baya ya ƙwace fensirin Ayuba, a ƙarshe har allurar Mama ya riƙa kartar bango da ita. Kafin damina ta zagayo zanen ya ci bangon kicin, ya doshi rumbun acca. Abin da ya dame ni ni dai shi ne, muddin hannunsa na kan bango, bakinsa a buɗe yake. In na dawo daga rafi na sauke tulu, ko na gama tsaga citta don shanya, sai in bar su Ayuba da langarsu in zo in tsuguna kusa da shi. Yakan aike ni in tsinko ganyen rogo mu duba jijiyoyinsa. Ya nuna mini yadda ruwan sama ke yin ƙananan rafuka a tsakar gida, da tsagewar laka, da walƙiya, da jijiyar bayan hannun Mama. "Ubangiji abu ɗaya ya yi," in ji shi, "yana ta maimaita shi, babba da ƙarami." Wata rana kuma, bai ko dube ni ba, ya ce, "Tsoro ma haka yake a cikin kai. Ki karya shi, kowane gutsure ya tsiro. In na fitar da shi nan, yana raguwa a ciki." Ban gane duka ba, amma na san ubana ne ke magana da ni.

Unguwa fa ba ta ga haka ba. A makaranta 'yar mai bango suke ce mini, kuma na fasa wa yarinya baki a kan haka, har yau ban yi nadama ba. Manya suka ce malami guda ya koma wasa da gawayi, wannan ai aikin Shaiɗan ne. Mama Saratu, shugabar matan cocinmu, mace mai kirki da baki kamar reza, ta riƙa zuwa tana cewa, "Maman Rahila, in dai yana ganin wannan abu, ba zai warke ba. Cire shi kawai." Mamanmu ta daɗe tana kaucewa. Amma tana son mijinta ya koma aji da alli a hannu, kuma ta gaji da nuna ta da ake yi a kasuwa.

A wurinmu, mako guda kafin Kirsimeti mata kan bi gida gida suna shafe bango da farar ƙasa, ba a tsallake gidan kowa. A Disambar 1988 aka tura Baba gadin cittar da muka shanya a kan dutse. Ni ina coci muna koyon waƙoƙi. Na dawo na tarar da mata cike da gida, zannuwa ɗaure a ƙugu, suna rera waƙar yabo, bango fari fat daga ɗaki har rumbu. Na kurma ihu, wata ta ce in rufe baki, addu'a ake yi.

Baba ya shigo da buhu a kafaɗa. Ya sauke, ya tsaya. Ya ɗora tafin hannu a bango, ya dubi farin da ya manne masa, ya goge a wando, ya je ya zauna. Ayuba ya rugo da gawayi ya sa masa a hannu, Baba ya riƙe na ɗan lokaci, ya tashi ya mayar murhu. Kowa ya ce ya warke. Yana wanka, yana cin tuwo, yana zuwa sujada, har godiya aka yi a coci. Amma aji bai koma ba, kuma bai sake kiran sunana ba har muka binne shi a 1995. Mama ba ta ƙara bari an taɓa bangon nan ba. In ruwa ya wanke farar ƙasar, layukan allura sukan ɗan bayyana, sai ta ja kujera ta zauna tana tsintar wake a wajen.

Yanzu gidan na bulo ne da fenti. Kwanaki ɗana ya nuna mini wasu hotuna a waya, zane ne da ake ta buɗe shi yana haifar kansa ba iyaka, ya ce masana ke yi da kwamfuta, har baje kolinsu ake yi. Na ce ya ƙara buɗewa, ya ƙara, har idona ya cika da hawaye, sai ya karɓe wayarsa. Ina kewar mutumin nan ƙwarai. Lafiya muka nema masa, muka toshe ƙofa ɗaya da yake leƙo mu ta cikinta.