Baba Hanci da Dawar Surukarsa

Kafin mata su gama jera kwanuka a ƙofar shagon niƙa, Baba Hanci ya share ƙasa, ya goge bakin injin, ya ɗaure bel. Amma ba ya tayar da injin sai ya bi layi. Kowane kwano zai ɗibi dawa a tafin hannu, ya murza, ya kai hanci, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. In ta ce ƙas, bismillah. In ta yi laushi, ko ta yi baƙi-baƙi tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, sai ya tura kwanon gefe. Fumfuna ce. Ko ruwa ya doki dawar tun tana zangarniya, ko an ɗure ta a buhu ba ta gama bushewa ba. Yakan ce garinta ciwo ne, kuma in ta ratsa injin sai ta bar wa kwano na gaba rabonsa.

Zagi kam ya sha shi. Wata ta ce hancin nan nasa ko kyanwa albarka. Shi dai sai dariya.

Ranar da ba a mantawa ita ce ranar da surukarsa ta zo da kanta, ta baro gida cike da jikoki suna jiran abinci. Dawarta ta taɓu, amma ta wanke ta tas, ta shanya, har tana ƙyalli. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ita ba, yau shi zai mayar mata da kwano? Ya shinshina. Ya sake shinshinawa, ko hancin zai ji kunya ya canza magana. Hanci ya ƙi.

Ya durƙusa, kai a ƙasa. "Inna, wanki ya yi kyau. Amma abin yana ciki."

"'Yar tawa ma sai da ka shinshina ta kafin ka aura?" in ji ta. Ta suri kwanonta, mata na ta ƙunshe dariya a mayafi.

Dawar gidansa ya niƙa ya kai mata. Ta karɓi garin saboda yara, gaisuwarsa kuwa ta daɗe ba ta amsa ba.

Baba, kai ne mai gadin cikin 'ya'yanmu. Mu matan unguwa, kai ka koya mana shanya dawa sai ta yi ƙara a haƙori, da ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu injin, ku ara wannan hali, ko da uwar matarku ce a layi.

Yanzu ƙarar injin ta cinye masa kunne, ya bar wa ƙaninsa shagon, ya koma benci a bakin ƙofa. Inna kuwa, da sandarta, takan wuce ƙanin kamar ba ta gan shi ba, ta dangwarar da kwano a gaban Baba, ta ɗaga murya don ya ji:

"Ba mai niƙa mini sai surukina ya shinshina."