Ganyen Rijiyar Malam Tasi'u

Malam Tasi'u Isiyaku yana da shekara sittin da takwas. Tsohon malamin bayoloji ne, shi kaɗai yake zaune a gidansa, a wani ƙauye da ke gefen Ungogo. Matarsa Kaltume ta rasu, 'ya'yansa suna birni.

A gonar bayan gidan akwai rijiyar da kakansa ya haƙa. Can ciki, inda rana ba ta cika kaiwa ba, wani ganye mai kama da gashin tsuntsu yana fitowa daga tsagar bango. A littafi sunansa fern, a ƙauyen kuwa ganyen rijiya ake ce masa. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A bayansa akwai ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, cike da gari, da garin nan yake yaɗuwa. Malam bai san wani wuri a yankin da yake fitowa ba.

Lokacin da yake koyarwa, yakan tsinko shi da gora mai ƙugiya ya kai aji. Yakan ce wa ɗalibai kowace ƙwayar garin da laushinta take farawa, sai uwar ganyen ta yi ta gina mata bango, shafe kan shafe, kamar yaɓen ɗaki. Bangon ne ke tsare ta har rani ya wuce. In ya leƙa rijiyar, Kaltume ce ke riƙe masa riga ta baya, tana mitar ganyen yana faɗa mata a guga.

Bana 'yan'uwansa suka sayar da gonar. Aka yanka filaye, rijiyar ta faɗo tsakiyar hanya, aka ce za a cike ta.

"Malam, ga burtsatse a ƙofar masallaci," in ji maƙwabciyarsa Asama'u, da ta ga ya damu. "Ko miya kake yi da ganyen?"

"Ba a cin sa, Asama'u."

"To me ake yi da shi?"

"Dubawa."

Ta yi dariya ta wuce.

Malam ya gwada dasa ganyen a tukunya, ya bushe. Saura garin.

Ranar da tifa za ta kawo ƙasa, ya ɗaure ƙugunsa da igiya a jikin darbejiya, ya leƙa ya tsinko ganye na ƙarshe. Ya karkaɗe garin a kan tsohon bulo, ya ajiye a gindin randar Kaltume, inda ƙasa ba ta bushewa, ya rufe da farar leda.

Jiya da safe ya ɗaga ledar. Babu komai tukuna. Ya yayyafa ruwa, ya mayar da ita.