Haƙorin Makkan da Na Sa a Kano

A shekarar babban fari, wadda ta zo kusa da canjin kuɗi daga fam zuwa naira, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Sule Tankarkar. Duk ƙarshen wata nakan hau keke zuwa Gumel in karɓi albashi, in sayi ɗan hatsi, in wuce ƙauyenmu da ke gefen Gagarawa in ga iyayena. A irin wannan tafiya ce yashi ya riƙe mini tayar gaba, na ci da baki a kan ƙarfen keken. Da na tashi na tofar, sai ga rabin haƙorina na gaba a ƙasa.

Da fari na ɗauke shi wasa. Amma ba a yi mako ba, ruwan randa ya gagare ni sha, ko iska ta shiga bakina sai na ji har ƙwaƙwalwa. Ga shi malamin makaranta ba shi da jari sai bakinsa. Na danna kanumfari, na kurkure da jar kanwa, na haɗiyi ƙwayoyin da aka ba ni a Gumel, duk a banza. Kowa na tambaya sai ya ce likitan haƙori sai Kano.

Da aka ba da hutu na tafi. A asibitin gwamnati jama'a ta yi yawa, ranar da aka sa mini ta faɗa bayan an koma makaranta. Sai wani ya nuna mini wani likita mai zaman kansa a unguwar masu hali, inda itatuwa suka rufe titi, kare ma ya fi ni ƙiba. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zaunar da ni a ƙarƙashin fanka, ya duba, ya ce za a iya rufe haƙorin da wani farin abu wanda ba mai bambanta shi da na Allah, sai dai zan yi ta zuwa ina komawa. Da ya faɗi kuɗin, na ɗauka ban ji daidai ba. Albashina ne na watanni, ko da ban ci ba ban sha ba, ban kuma aika gida da ƙwayar gero ba. Kuɗin buɗe masa baki kawai ya tafi da abin da na ware don kwana da abinci. Na fito ina zagin keken, ina zagin yashin, ina zagin kaina.

A wani lungu kusa da tasha na ga wani mai sa haƙori, wanda alhazai ke zuwa wurinsa idan wanda suka sa a Makka ya faɗi. Nasa na farin ƙarfe ne mai kama da azurfa, kuma aljihuna zai iya da shi. Na san ma'anarsa sarai. A ƙasarmu ba mai yawo da haƙori mai ƙyalli sai wanda ya sauke farali. Na ce masa, “To ba za a ce na yi ƙarya ba?”

Ya ce, “Malam, ciwo ya kawo ka ko fatawa? Buɗe bakin.”

Ya goge abin da ya rage na haƙorin har ya zama ɗan tsinke, ya kifa masa ƙarfen. Ciwo ya tafi. Abin da ban lissafa ba shi ne, hutun nan ya faɗo daidai babbar salla, na kuma dawo gida a makon da alhazai ke dawowa.

Tun daga tashar Gumel ɗan kamasho ya tarye ni da “Alhaji, ina aka nufa?” Na ce ni ba alhaji ba ne. Ya ce ai manya haka suke da ɓoye alheri. Daga nan abin ya bi ni ko'ina. Mai nama ya ƙara mini kuɗi, mai goro ya ƙara. A kasuwar Maigatari wani Badamagare ya riƙe mini hannu sai na ba shi dabino ko zamzam. Waɗanda suka san gaskiya kuwa sun samu abin tsokana, abokan aikina suka sa mini Alhajin Kano. Na yi bayani har bayani ya ishe ni, wani lokaci in yi faɗa, faɗan ma sai haƙorin ya ƙyalla a ƙara dariya.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai Baba ne.

Mahaifina manomi ne mai ɗan kiwo, kuma tun ina yaro ba shi da zance sai na Makka. Yana da bijimai biyu da ba a sa su huɗa, ba a ja amalanke da su, duk gari an san na kujerar hajji ne. Farin nan ya cinye ɗaya. Ɗayan ya kai shi Maigatari ƙasusuwa a waje, ya dawo da buhun dawar da muka ci. Tun daga ranar bai ƙara ambaton Makka ba.

Wannan mutumin na durƙusa a gabansa da haƙorin Makka a bakina. Na gaya masa duk yadda aka yi, tun daga faɗuwa har mai sa haƙorin nan na lungu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, “To, sannu da zuwa, Alhaji.”

Da can Malam yake ce mini, tun da na fara koyarwa, don ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba. Yanzu kuwa Alhaji a zaure, Alhaji a gona, Alhaji a gaban baƙi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar ya ce: ni na yi shekaru ina kiwo ban samu ba, kai ka saye shi a bayan tasha. Kunya ta hana ni tambayarsa. A gidanmu ɗan fari ba ya zama ya ce wa uba me kake nufi.

Na koyi magana da leɓe a rufe. Na daina dariya a gabansa, daga baya na rage zuwa gidan ma, sai in ba direba saƙon hatsi. Na yi ta ƙoƙarin tara kuɗin farin haƙorin, amma duk abin da na ajiye sai tsadar gero ta zo ta kwashe, don bakuna da yawa ke jira na. Cire ƙarfen kaɗai ba zai yiwu ba, tsinken da ke ƙarƙashinsa ya fi na da ciwo. Zuwa Makka in gaskata haƙorin kuwa, ko a mafarki. Na rasa gaba na rasa baya, haka na ci damina guda da rani guda, abin yana bakina ina kwana da shi ina tashi da shi.

Wata Alhamis na tashi da zuciya na tafi kasuwar Maigatari, na sami wani wanzami a gindin bishiya bayan karar shanu. Ya duba ya ce, “Alhaji, wannan ai lafiyarsa ƙalau.” Na ce ya cire, har saiwa. Ya sa aka riƙe mini kai, ya kama da awartaki. Ba zan tsaya kwatanta abin da na ji ba, na dai san na jiƙe rigata da jini da hawaye. Kuɗin da ya karɓa bai fi na kwanon tuwo ba. Duk da haka na koma ina jin kamar an sauke mini kaya.

Da kumburi ya saɓe na tafi gida. Na tarar da Baba a ƙofar zaure bayan la'asar, yana kan buzu yana tufka igiya. Na gaishe shi da baki a buɗe, da gangan.

Ya ajiye igiyar. “Ina haƙorin?”

“Na cire, Baba.”

“Ciwon ya dawo?”

Na sunkuyar da kai na ce, “A'a. Na ga yana ɓata maka rai ne.”

“Ni?” Sannan ya ce, “Ai na san Kano ka je. Amma duk wanda na ji ya ce maka Alhaji, sai in ce amin a cikina. Na ce tawa kujerar ta tafi da shanun nan, wataƙila taka Allah ya ɗora ta a bakin jama'a, cikin masu faɗa ba a rasa wanda za a amsa wa. Shi ya sa nake ƙara nawa bakin.”

Harshena ya tafi wurin giɓin da kansa, ya tarar ba komai sai dasashi. A rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba, ga shi ba wanda zan yi wa faɗa. Kuɗin sa wani babu, ko da akwai ma, babu sauran tsinken da za a kifa wa ƙarfe.

Baba ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ya ce, “To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Shiga ka gai da innarka, Malam.”

Da sunan Malam Baba ya ci gaba da kira na har ya rasu, damina biyu bayan nan. Na je Makka daga baya, gashina ya riga ya fara fari. A wata kasuwa can masu sa haƙori suka hango giɓina suna ta kira na da Hausa, Alhaji zo, Alhaji zo. Na ce amin, na rufe bakina na wuce.