Badaru da Layin Gamba

Duk wanda ya bi ta gonakin Kanyar Maje, can arewa da Ɗambatta, a farkon damina, zai tarar da wani dogon mutum mai furfura a gefen kai, sunkuye da fartanya, yana noman ƙodago. Sunansa Badaru. In ka yi masa sannu da aiki zai amsa, amma ba zai ɗago ba. Gonar nan da yake nome wa wani, a cikinta ubansa ya koya masa riƙon fartanya.

Kada a ɗauki alhakinsa, Badaru ba rago ba ne, ba kuma azzalumi ba. Kafin ruwan farko ya sauka jakinsa ya gama kai taki. Shi kaɗai ne a garin yake shuka wata dawa kaura mai manyan zangarniya, irin da ya gada wurin ubansa, kuma hannunsa a buɗe yake, ba a taɓa sallama a ƙofarsa aka koma da kwano wayam ba. Aibinsa guda ne, zuciyarsa a kusa take. Tun yana yaro uwarsa ke cewa, ɗan nan kafin kunnensa ya gama ji, hannunsa ya riga ya gama aiki. Ya taɓa rotsa rediyonsa da ƙasa don ta ɗauke ana tsakiyar labarai. Mutane suka yi ta dariya, suka laƙaba masa Badaru Ƙiris, wai ƙiris yake jira. Da ma a rediyo abin ya tsaya.

Maƙwabcinsa na gona shi ne Malam Uwais, mutum mai sanyin magana, wanda ba a taɓa jin muryarsa daga nesa ba. Layin gamba ne ya raba gonakinsu, kakanninsu suka dasa shi. Wata shekara shanun huɗar Uwais suka kauce, garma ta tuge gindin gamba biyu, ta shiga kunya ɗaya cikin gonar Badaru. Uwais ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya mayar da gambar da hannunsa. Mai unguwa ya ce magana ta mutu. A wurin kowa ta mutu, ban da Badaru. Ya ce da gangan ne, gwada shi ake yi, yau kunya ɗaya gobe gonar duka. Shekara bakwai bai amsa sallamar Uwais ba. Kullum ya zo gona sai ya fara ƙirga gindin gamba kafin ya yi bisimilla, yana jiran ranar da zai kama shi dumu-dumu.

A kakar shekara ta bakwai, dawa ta nuna, sai matarsa Fadima ta kwanta ciwo mai tsanani. Ya ɗauke ta zuwa asibiti a Ɗambatta, ya tare a gindin gadonta kwana tara. Wayarsa kuwa tun rana ta biyu ya buga ta da bango, wai ta ƙi kama layi.

Yana can aka yi shela a gari cewa ranar Asabar za a saki dabbobi. Tun shuka awaki da tumaki suke ɗaure a turke, kuma kowa ya sani, da zarar ranar saki ta zo, wanda ya bar amfaninsa a fili ba shi da bakin ƙara. Kowa ya kwashe nasa, sai kaurar Badaru tsaye ita kaɗai. Uwais ne ya tashi bayan sallar azahar ya ce, jama'a, mai gonar nan yana jinya, in muka zuba ido awaki suka cinye abincin iyalinsa, Allah zai tambaye mu. Aka yi gayya ranar Alhamis, mutum ashirin da wani abu, aka girbe, aka yanke, aka ɗaure. Da yake gonar rogon Uwais ce kaɗai ke da shingen ƙaya a wajen, sai aka jibge dammunan a cikinta, gefen na shi Uwais ɗin, kafin Badaru ya dawo ya zuba a rumbu.

Ranar Juma'a da hantsi ya sauka daga mota. Fadima ta samu sauƙi, ya ce bari ya leƙa gona ya koma. Bai bi ta gida ba, sai ya yanke ta bayan gari. Ya iske gonarsa kwance, kara zube, babu zangarniya ko ɗaya. Ya bi sawun amalanke da ido, ya ga ya tsallaka layin gamba, ya shige ƙofar shingen Uwais. Ya leƙa. Ga kaurarsa can jibge, ko a mafarki ya san ta.

Abin da ya ji a ransa ba baƙin ciki kaɗai ba ne, har da wani irin daɗi, daɗin wanda ya shekara bakwai yana faɗa ana ƙaryata shi. Yau ga ta a fili! Wato jira ake ya juya baya. Ya nufi gida da sassarfa, ya tsiyayi fetur daga babur ɗinsa, ya suri ashana. Maza duk sun tafi masallacin Juma'a a garin gaba. Ƙanwarsa Maimunat, wadda ke riƙe da gidan tun da aka tafi asibiti, ta biyo shi har zaure.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya mai jiki? Tsaya ka ji, jiya Malam Uwais..."

"Na gani da idona!" in ji Badaru. "In ban ci ba, wallahi shi ma ba zai ci ba. A fasa, kowa ya rasa!"

"Yaya, don girman Allah ka tsaya!"

Ina! Kafin ta jawo mayafi ya yi nisa. Busasshiyar dawa da fetur ba sa jiran shawara. Wutar ta lashe dammunansa, ta tsallaka kan na Uwais, ta kama shinge, ta babbake rogon. Badaru ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallo, ransa fari ƙal. A haka Maimunat ta iso tana haki, ta faɗi gwiwa biyu, ta ƙarasa masa maganar da ya ƙi ji a zaure.

An ce bai yi ihu ba. Zama ya yi a kan kunya, nan masu dawowa daga masallaci suka same shi.

A gaban dagaci kowa ya zaci Uwais zai ce ya yafe, don kuwa haka aka san shi. Amma mai haƙuri bai iya fushi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara bakwai ina yi masa sallama yana tofar da yawu. Na tara masa mutane, ya saka mini da toka. Ban yafe ko zangarniya ɗaya ba." Dattawa suka roƙa, liman ya ja aya, ya ƙi. Badaru ba shi da abin da zai biya ɓarnar sai gonar. Aka rubuta, ya dangwala yatsa. Shekarar nan Fadima ta dawo daga asibiti ta tarar da rumbu wayam, kwanon da a da ake kawowa ƙofarsu, yanzu nasu ne ke zagaya gari.

Da bazara ta yi, Badaru ya fita neman ƙodago, kowa na kauda kai, wa zai saka mai ashana a gonarsa? Uwais ne ya aika a kira shi. Ya kai shi har bakin layin gamba, ya miƙa masa sangwamin haƙa, ya ce da muryar nan tasa mai sanyi, "Gonakin sun zama ɗaya, wannan ba ta da sauran amfani. Tuge mini ita, tun da ka fi kowa sanin adadinta."

Gindi ɗari da goma sha huɗu ne. Badaru ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, don akwai yara a gida da ba su karya ba.