Ranar da Mista Harold Ya Yi Baƙuwa

Ku da kuka fara aikin jinya a Birmingham ɗin nan kuna yawan tambayata abin da ba a koya mana a aji ba. To, akwai wata Laraba a Salford da har gobe ba ta fita daga raina ba.

Lokacin ina nas mai bin gida-gida, wato mu ne ke duba tsofaffi a ɗakunansu, mu wanke ciwo, mu auna nauyi, mu kai wa GP, wato likitan unguwa, rahoto. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, kansil, wato ƙaramar hukuma, ta rufe zauren da tsofaffin unguwa ke haɗuwa su ci abincin rana. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Mista Harold, tsohon direban bas, matarsa ta rasu, 'ya'ya babu. Tun da aka rufe zauren ya daina ci. Masu kula da shi su ajiye abinci da safe, in zo da rana in tarar ko cokali bai taɓa ba. Ya rame har wandonsa sai an ɗaure da igiya.

Shugabarmu ta kira ni ofis ta ce, "Rakiya, in nauyinsa ya ƙara sauka a awo na gaba, gidan tsofaffi za a kai shi." Shi kuwa babu abin da yake tsoro kamar a raba shi da gidansa.

Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Ran nan na gaji na ce, "To wai a ina za ka yarda ka ci?" Ya nuna taga da haɓa. Can ƙarshen layi akwai pub, mashayar unguwa da ake sayar da abinci, inda ya yi shekaru yana zuwa kafin ƙafa ta gagare shi.

Ni 'yar Zariya, da hijabina, tun da na zo ƙasar nan ko ƙofar irin wurin ban taɓa tsayawa ba. Na kira maigida a waya, yana gidanmu a unguwar Hulme. Ya ce, "Pub kuma? To in dai don patient ne ki shiga, amma don Allah ki zauna nesa da window, kar 'yan jami'a su kai labari masallaci." Shugabarmu ta amince, na tura tsohon a keken marasa lafiya muka tafi.

Wurin duhu-duhu, katako ko'ina, warin giya ya kama kafet. Muka samu lungu. Na gyara zama ina jiran a zo a yi mana sannu da zuwa, a tambaye mu abin da za mu ci. Shiru. Matar da ke bayan kanta ta kalle mu, ta ci gaba da goge kofuna. Wasu suka shigo bayanmu, sai ga abincinsu yana tururi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuci, hijabin nan ne ya tsone mata ido. Har na kama keken zan juya.

Harold ya riƙe min hannu. "Ina za ki? Ƙarfi nake tarawa."

Ashe a pub ba a zuwa teburi a tambaye ka. Kai za ka tashi ka je kanta, kuma wanda ya kawo baƙo shi ke zuwa. Matar nan, Maureen, ta gane shi tun shigowarmu. Ta san in ta zo ta same shi a zaune, ta mai da shi majinyaci ke nan a gaban tsofaffin abokansa.

Ya dafa teburi ya miƙe, ƙafafu na rawa, ina biye da shi. Ya isa kanta yana haki. Maureen ta ce, "Harold, ashe kana raye? Irin na kullum?" Wurin ya ɗauki dariya, har da shi. Ya ce, "Rabin kofin giya, lemo ga baƙuwata, sai kifi da dankali faranti biyu."

Na ce ni na ƙoshi. Nan take ya ɓata rai. "In baƙuwata ba ta ci, ni ma ba na ci." Na ce to, ai kifi ne, a kawo.

Maureen ta leƙo ta saman kanta, ta rage murya. "'Yar'uwa, kar ki ci kifin nan. Da giya muke kwaɓa fulawarsa. Bari in gasa miki dankali da cuku." Kunya ta lulluɓe ni. Matar da na gama zargi a zuci ita ce ta tsare min addinina, ban ma roƙe ta ba.

Muka ci. Wani tsoho ya jawo kujera, suka ɓarke da musun ƙwallo. Harold yana musu yana kai loma, bai ma san yana yi ba. Da na duba farantin sai fatar kifi kawai.

Daga ranar, Maureen ta sa abokansa suna karɓa-karɓa wajen turo shi da rana. Awo na gaba nauyin ya tsaya, daga baya ya hau, maganar gidan tsofaffi ta mutu. Ban sake shiga wurin ba, amma har na bar Salford duk Sallah sai na aika wa Maureen da cincin, kuma har yau ina jin ban biya ta ba.

Makonni na yi ina tura wa mutumin nan faranti a matsayin majinyaci, ya ƙi. Ranar da aka bar shi ya zama mai masauki, ya cinye. Saboda haka in kun ga tsoho ya ƙi abinci, kafin ku rubuta rahoto, ku tambaye shi wa yake so ya ciyar.